Gawar da Aka Mai da Abin Kallo

A 1900, bayan Faransawa sun kashe Rabe a Kusuri, aka nuna wa jama'a kansa, har aka ɗauki hoto. Wannan wulaƙancin yaƙi ne. Akwai kuma wulaƙancin da aka yi da sunan ilimi.

Wajen 1830, wasu Faransawa masu suna Verreaux suka tone kabarin wani mutum a kudancin Afirka, suka cushe fatarsa kamar ta naman daji. Tun 1916 yake tsaye cikin gilashi a gidan tarihin Banyoles, ƙasar Sifen, ana ta kallonsa. A 1991 wani likita ɗan asalin Haiti, Alphonse Arcelin, ya ce a cire shi. Mutanen garin suka ƙi, wai abin tarihinsu ne. Sai a 1997 aka ɗauke shi, aka binne shi a Gaborone a 2000.

Mai hidima ya tuna da 1 Sama'ila 31: Filistiyawa suka rataye gawar Saul a garun Bet-sheyan, mutanen Yabesh-gileyad suka yi tafiyar dare suka sauko da ita. Wanda aka halitta cikin siffar Allah, mutuwa ba ta raba shi da darajarsa.