Daga Sule Biyar Zuwa Naira Dubu Saba'in: Tarihin Ladan Leburan Gari

Jama'ar Sabo, mun iya ƙorafi a kan kwatar da ta toshe da sharar da ta kwana a bakin kasuwa, amma ba kasafai muke tambayar wane ne ke yanke albashin mai kwashe ta ba. Maganar nan tana da tsohon tarihi, ta ma girmi unguwarmu da aka kafa a 1916.

A Ikko aka fara. A watan Agusta na 1897 Gwamna McCallum ya taɓa ladan leburorin ma'aikatar ayyuka, wadda ake kira PWD, ya kuma sauya musu lokutan aiki. Sai suka ajiye diga da shebur har kwana uku, dole gwamna ya sassauta. Masu haƙa rami da fasa dutse su ne suka buɗe ƙofar yajin aiki a ƙasar nan, tun kafin akawu mai farar riga ya san da shi. A 1945, bayan yaƙin Hitila ya sa kaya sun yi tsada, Michael Imoudu da mutanensa suka yi yajin da ya haura kwana arba'in, har aka naɗa kwamitin Tudor Davies ya ƙara kuɗin tsadar rayuwa.

To, a nan ne nake so mu tsaya. Ƙarin da gwamnati ta sanar daban, abin da ya shiga aljihun leburan majalisar gari daban. Mai share kasuwa, da mai cike ramin titi, da mai kwasar bahaya a bokiti da daddare, mafi yawansu 'yan aikin yini ne, ba fansho, ba takardar kama aiki. Kuɗinsu daga baitulmalin majalisa yake fitowa, wato daga haraji da kuɗin rumfa da na tasha. Kafin kwabo ya ƙaru musu sai kansiloli sun zauna sun amince, an sa a kasafin shekara, sannan na sama ya sa hannu: a da Razdan, daga baya ministan ƙananan hukumomi. Ko'ina a wannan hanya takarda tana iya yin barci.

A 1954 gwamnatin Awolowo ta Jihar Yamma ta yanke sule biyar a yini a matsayin mafi ƙarancin ladan leburanta. A wannan shekarar ce kuma Adegoke Adelabu, babban abokin hamayyar Action Group, ya zama shugaban majalisar Badun da ke zama a Mapo. Jiha tana hannun wata jam'iyya, gari yana hannun wata. Ba a daɗe ba aka turo Nicholson ya binciki majalisar, kuma a 1956 Adelabu ya bar kujerar. Duk tsawon rigimar manyan nan, tsintsiya ba ta huta ba ko yini ɗaya.

Udoji kuwa, dattawanmu 'yan kasuwa ba sa mantawa da shi. Rahoton ya fito a 1974, aka biya ariyas na watanni a dunƙule a farkon 1975, mafi ƙarancin albashi ya koma naira sittin a wata. Rediyo da keke da atamfa suka yi kasuwa, farashi kuma ya tashi bai sake sauka ba. Wanda ariyas ɗinsa ya makara, tsadar ba ta jira shi ba. Mu masu rumfa mun san wannan a littafin bashi: idan albashi ya yi jinkiri, shafin garin kwaki da man ja ne ke fara cika.

Gyaran 1976 ya ba ƙananan hukumomi kaso daga asusun tarayya, a 1991 kuma aka raba birnin Badun gida biyar, mu muka faɗa Badun ta Arewa. Mafi ƙarancin albashi ya yi ta hawa: naira 125 a 1981, 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a 2024. Sai dai kuɗin ƙaramar hukuma ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi, kuma a ganina nan ne sabon wurin barcin takarda. Ciyaman ya ce yana jiran gwamna, kansila ya ce yana jiran ciyaman. Wanda ya ga ambaliyar Ogunpa ta 1980 ya san abin da toshewar magudanar ruwa ke jawowa, bai kuwa kamata a bar mai yashe ta da yunwa ba.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Idan kansilan mazaɓarmu ya zo gaisuwar Sallah ƙofar Sarkin Hausawa, a tambaye shi leburori nawa ke cikin kasafin bana, nawa ne ladan kowannensu, kuma watan wane aka biya su na ƙarshe.