Asusun Da Tara Ke Cikawa: Nazari Kan Tallafin Waɗanda Aka Zalunta A Amurka

A shari'ar laifi irin ta boko, gwamnati ce mai ƙara. Wanda aka sara ko aka yi wa fyaɗe shaida ne kawai. In alƙali ya yanke hukunci, sai a wuce da mai laifi gidan yari, shi kuwa wanda aka cuta ya koma gida da takardar kuɗin asibiti a aljihu. Don cike wannan giɓi ne Birtaniya ta fara biyan irin waɗannan mutane diyya daga baitulmali a 1964, jihar Kalifoniya ta bi sahu a 1965. Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta shigo sosai ba sai 1984, lokacin da Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu kan dokar da ake kira VOCA, wadda ta kafa asusun tallafa wa waɗanda aikata laifi ya shafa.

Abin da ya sa dokar ta samu karɓuwa shi ne inda kuɗin ke fitowa. Ba a taɓa harajin jama'a. Tarar da kotunan tarayya suka ci masu laifi, da kuɗin belin waɗanda suka tsere, da wani ɗan kuɗi da ake ɗora wa duk wanda aka samu da laifi, su ake tarawa. Wanda ya ɓata, shi zai gyara. Wani ofishi a Ma'aikatar Shari'a ne ke raba wa jihohi kuɗin, ta manyan hanyoyi biyu.

Hanya ta farko diyya ce kai tsaye. Jiha ta biya kuɗin magani, ko na jana'iza, ko albashin da mutum ya rasa yana jinya, daga baya tarayya ta mayar mata da wani kaso. Ta biyu tallafi ne ga ƙungiyoyin da ke aikin. Kowace jiha na samun dala 500,000 a matsayin tushe, sauran a raba bisa yawan jama'a. Dole a ware aƙalla kashi 10 cikin 100 ga kowane ɗaya daga rukuni huɗu: waɗanda aka yi wa fyaɗe, da waɗanda abokan zamansu ke duka, da yaran da aka ci zarafinsu, da waɗanda aka saba mantawa da su. Ƙungiyar da ta karɓa ita ma za ta kawo kashi 20 cikin 100 na kuɗin aikin, amma ana yarda ta lissafa sa'o'in 'yan sa-kai a madadin tsaba.

A zahiri, wannan kuɗi shi ne albashin matar da ke ɗaukar waya ƙarfe biyun dare, ta tashi ta raka wata yarinya asibiti, ta zauna gefen gadonta har likita ya gama. Shi ne gado da bargo a gidan da mace ke fakewa da 'ya'yanta in ta gudo daga miji mai duka. Irin wannan aiki ba ya da damina ba ya da rani. Kullum ne.

A nan matsalar take, domin kuɗin kansa na damina ne. Mutumin da aka samu da babban laifi a kotun tarayya dala 100 ake ɗora masa kan kowace tuhuma, yawancinsu kuma ba su da abin biyan babbar tara. Masu cika asusun da gaske manyan kamfanoni ne ƙalilan. A 1999 kamfanin magunguna na Hoffmann-La Roche shi kaɗai ya biya dala miliyan 500 kan haɗa baki wajen tsawwala farashin bitamin. Ganin wannan ambaliya, sai majalisa ta fara ƙayyade abin da za a fitar duk shekara tun daga 2000, da niyyar a riƙa ajiye rara don ranar babu.

Dabarar ta yi kyau a takarda, amma dubi yadda alƙaluman suka yi rawa. A 2014 an amince a fitar da dala miliyan 745. Shekara guda bayan haka adadin ya haura biliyan 2.3, a 2018 ya kai biliyan 4.4. Ƙungiyoyi suka ɗauki sababbin ma'aikata, suka buɗe rassa a ƙauyuka. A 2017, shekarar da kotu ta ci Volkswagen tarar dala biliyan 2.8 kan maguɗin gwajin hayaƙin mota, abin da ya shiga asusun ya haura biliyan 6. Shekarar da ta biyo baya ko rabin biliyan bai cika ba. Ana ɗiba da masaki, ana zubawa da ludayi. Rarar ma ba ta tsira ba, don tun a 2015 majalisa ta zare dala biliyan 1.5 daga ciki ta toshe wani ramin kasafi.

Raguwar nan ba don kamfanoni sun shiryu ba ne. Salon masu gabatar da ƙara ne ya sauya. Maimakon a kai kamfani gaban alƙali a same shi da laifi, sai a sasanta: ya biya kuɗi, ya yi alkawarin gyara hali, a jingine tuhuma. Tunda dokar 1984 tarar wanda kotu ta samu da laifi ta ambata, kuɗin sasanci sai ya zarce babban baitulmali. A Yulin 2021 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan gyaran da ya karkato da kuɗin sasancin zuwa asusun, ya kuma ɗaga kason da ake mayar wa jihohi na diyya daga 60 zuwa 75 cikin 100. Duka sanatoci 100 suka amince. Duk da haka, abin da aka fitar ya sauko daga biliyan 1.9 a 2023 zuwa ƙasa da biliyan 1.4 a 2024, jihohi da dama suka rage abin da suke bai wa ƙungiyoyi. An toshe ɓular tulu, amma tulun har yanzu sama yake kallo.

Mai karatun da ya san diyya a shari'ar Musulunci zai lura da bambanci. A diyya, igiya ɗaya ce ta ɗaure mai laifi da wanda ya cuta: shi ko danginsa ke biyan wanda aka zalunta ko magadansa. A tsarin VOCA igiyar ta tsinke. Laifin da ke cika asusun na cikin ofis ne, wanda ke cinye shi kuwa na cikin ɗaki ne da kan titi, kuma babu dalilin da zai sa su tashi ko su sauka tare. Tsinkewar tana da amfani, domin wanda matsiyaci ya cuta ma yana samun magani. Illarta ita ce makomar gidan fakewa a wani ƙauye ta rataya kan shawarar da lauyoyin gwamnati suka yanke da wani banki.

Saboda haka kuɗin tara ya fi dacewa da abin da ake yi sau ɗaya, kamar gini, ko mota, ko horar da ma'aikata. Albashi da hayar gida kuwa kasafi suke so, wanda aka san adadinsa tun farkon shekara. Wannan na nufin a taɓa harajin da dokar 1984 ta yi alfaharin ba za ta taɓa ba. Wasu jihohi sun riga sun fara cike giɓin daga aljihunsu, don sun gane cewa wayar ƙarfe biyun dare ba ta jiran a kama Volkswagen na gaba.