Agogon buɗe ruwa da rufe shi: abin da za a duba kafin a saya

A garakan kwarin Tadis da ke kewayen Tawa, da gonakin albasa na Tamaske, Keita da Tabalak, da wuraren sana'a irin gidajen ƙanƙara da na ruwan leda, har yanzu hannu ne ke buɗe makullin tiyo ya rufe. Ranar da mai gadi ya yi barci, hasara ce. Makullin da ke fitar da lita 3,000 a awa, in ya kwana a buɗe awa 8, lita 24,000 sun tafi, wato tano 120.

Maganin wannan shi ne agogon da 'yan kasuwa ke kira programmateur. Ana saka masa lokaci, shi kuma ya aika wuta ga makulli mai aiki da lantarki, wanda ake kira électrovanne, ya buɗe ya rufe ba da hannun kowa ba.

Iri uku ne a kasuwa

Na farko mai faifai ne da ke juyawa sau ɗaya a awa 24, da 'yan haƙora a gefe, kowane haƙori yawanci minti 15. Ya fi sauƙin ganewa, amma yawancinsu suna tsayawa da zarar wuta ta ɗauke, sai lokaci ya goce.

Na biyu mai allo ne da lambobi. Yana karɓar tsarin mako guda, ana iya bambanta Juma'a ko ranar kasuwa da sauran ranaku, kuma yana aiki da minti ɗaya-ɗaya. Kamfanoni irin Legrand, Schneider Electric da Theben suna ƙera shi.

Na uku na ban ruwa ne, mai kula da makullai da yawa bi da bi, kamar na Rain Bird da Hunter. Akwai mai batir na volt 9 wanda ba ya bukatar kuran ko kaɗan.

Wuta ce tambayar farko

Wutar NIGELEC volt 220 ce, kuma kowa ya san yadda take ɗaukewa a bazara. A watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, aka yi watanni cikin ƙarancinta. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, ta taimaka, amma ba ta kawar da matsalar ba. Saboda haka kada a sayi agogon da ba shi da batir na ajiya a ciki. A gwada shi tun a shago: a saka lokaci, a cire wuta, a mayar, a ga ko ya manta.

Dole ne kuma agogo da makulli su zo ɗaya. Akwai makullin volt 220, na volt 24, na volt 12 da ke tafiya da faifan hasken rana, da na volt 9. In an haɗa wanda bai dace ba, ko ya ƙi buɗewa ko ya ƙone. A zaɓi makullin da ke rufe kansa in wuta ta tafi, don kada shato ya tsiyaye.

In agogon zai tada injin famfo, kada a ɗora injin kai tsaye a kansa, ko da an rubuta amfiya 16. Inji yana jan wuta ninki biyar ko fiye lokacin tashi. Mai gyaran wuta ya saka contacteur a tsakani.

Ƙarfin ruwa, zafi da ƙura

Makullai da yawa ba sa buɗewa sai ruwa na da ƙarfin turawa, sau da yawa rabin bar ko fiye. Tsawon mita 10 ne ke ba da bar 1. Wanda tankinsa ke kan mita 3 ya nemi makulli mai ƙaramin inji da ke murɗa shi. A saka matata a gabansa, domin yashin rijiya na hana shi rufewa sosai.

A Afrilu da Mayu zafin Tawa na wuce digiri 40, hunturu kuma na zuwa da ƙura. A duba iyakar zafin da aka rubuta a kwalin, a kafa agogon a inuwa, cikin akwatin da ke da alamar IP65, wadda ke nufin ƙura ba ta shiga kuma feshin ruwa ba ya cutar da shi.

Wa zai riƙa saita shi?

Nan ne aka fi yin kuskure. Mai kuɗi ya sayi agogo mai tsada, a bar wa mai gadin da bai iya karanta takardar ba. A je shago tare da wanda zai yi aikin, ya canza lokaci da hannunsa. In ya kasa bayan an nuna masa sau biyu, a nemi wani iri. A tabbatar akwai maɓallin buɗewa da hannu, takardar bayani da Faransanci, da allo mai lambobi manya. Masu aiki da wayar salula suna da daɗi, amma a ƙauyen da layi ke yankewa, mai maɓalli ya fi amfani.

Bayan an kafa, a rubuta lokutan a takarda a manna jikin akwatin, a canza batir kafin kowane noman rani, sannan a bar tsohon makullin hannu a kan tiyo saboda ranar da na'ura za ta ƙi.