Labarin Jirgin Ruwa Mai Suna Aureol

Sunan garinmu Tsibiri, amma ko kwalekwale ba kasafai muke gani ba, balle jirgin teku. To, ga labarin wani babba.

An ƙera Aureol a birnin Gilasgo na Birtaniya a 1951. Tsawonsa ya ɗara mita 160. Yakan taso daga Libaful, ya tsaya Firitawun, ya iso Ikko cikin kamar mako 2. Ta Ikkon nan gyaɗar Maraɗi take fita a da, bayan an kai ta Kano an ɗora wa jirgin ƙasa. Ɗalibai da ma'aikata da yawa shi ya fara kai su Turai.

A zamanin, mai sayen tikiti yakan fara ganin samfuri tukuna. Wato ɗan ƙaramin jirgi da kamfanoni suke ajiyewa cikin gilashi a ofis, har da tagoginsa da bututun hayaƙi.

Jirgin sama ne ya kashe wa Aureol kasuwa. Wa zai yi mako 2 a tafiyar yini guda? A 1974 aka sayar da shi, ya zama masaukin ma'aikata a Jidda. A 2001 aka farfasa shi a Indiya, aka sayar da ƙarfen.