Tarihin Lissafin Motsin Jiragen Ƙarƙashin Ruwa Marasa Matuƙa

Jiragen ƙarƙashin ruwa marasa matuƙa iri biyu ne: waɗanda ake sarrafawa da kebul daga jirgin da ke saman ruwa, da waɗanda kwamfutar cikinsu ke tuƙa su. Kowanne na buƙatar lissafin da zai nuna yadda jirgin zai motsa in farfela ta juya ko fiffike ya karkata. Rubuta wannan lissafi aiki ɗaya ne, gano alƙaluman da za a zuba a cikinsa kuma wani aikin ne dabam, domin kowane jirgi da nasa. Na farkon an daɗe da daidaita shi. Na biyun ne ya ci wa injiniyoyi tuwo a ƙwarya.

Tushen ilimin ya girmi jiragen nesa ba kusa ba. A 1786 Pierre du Buat, injiniyan Faransa, ya wallafa gwajin da ya yi da ƙwallayen da ya rataye yana lilo da su cikin ruwa. Ya lura suna motsi tamkar nauyinsu ya ƙaru, saboda duk abin da ya zabura cikin ruwa sai ya ja ruwan da ke kewaye da shi. Ga ƙwallo, wannan ƙarin nauyi ya kai rabin nauyin ruwan da ya ture. A 1869 Gustav Kirchhoff na Jamus ya tsara lissafin motsin abu cikin ruwa. A 1924 kuma Max Munk, wanda jiragen sama masu balan-balan ne ma a gabansa, ya bayyana dalilin da dogon jiki siriri ke neman juyawa ya gicciye hanya. Shi ya sa ake yi wa irin waɗannan jirage fikafikan wutsiya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin ruwan Amurka suka rungumi fannin. A 1950 ƙungiyar injiniyoyin jiragen ruwa ta SNAME ta tsayar da alamomin motsi shida: gaba, gefe, sama da ƙasa, mirginawa, ɗaga kai da sunkuyar da shi, sai juyawa dama ko hagu. A tafkin gwaji na David Taylor da ke jihar Maryland, Morton Gertler da Alex Goodman suka ƙera na'urar da ke jan ƙaramin samfurin jirgi tana girgiza shi, ana auna ƙarfin da ruwa ke mayarwa. A 1967 Gertler da Grant Hagen suka fitar da lissafin da ya zama ma'auni. Sai dai an yi shi ne domin manyan jiragen yaƙi masu mutane a ciki, alhali SPURV, jirgin bincike mai tuƙa kansa na Jami'ar Washington, ya fito tun 1957.

Gwajin tafki na da tsada, ƙananan jirage kuma ba sa zama da siffa ɗaya. Yau an ɗaura wa jirgi kyamara, gobe hannun ƙarfe, jibi akwatin ɗiban laka, kowane ƙari kuwa sai ya sauya tirjiyar ruwa. Mafita ta zo daga saman teku. A 1977 aka yi wa katafaren jirgin dakon mai Esso Osaka gwajin juye-juye a Mashigin Tekun Mekziko. Martin Abkowitz na jami'ar MIT ya ɗauki bayanan, ya tace su da dabarar lissafi ta Kalman, ya ciro alƙaluman daga motsin jirgin kansa, ya wallafa a 1980. Hanyar na da nata tarkon: alƙaluma biyu na iya karkacewa tare, kuskuren wannan ya rufe na wancan, lissafi ya dace da gwajin alhali ba daidai yake ba. Dole a sa jirgin ya yi karkace-karkace iri-iri kafin a bambance su.

Littafin Thor Fossen na Trondheim a ƙasar Norwe, wanda ya fito a 1994, ya tattara lissafin cikin tsari ɗaya gajere da ya aro daga fannin mutum-mutumi, kuma shi ne mafi yawan masu bincike ke bi. A 2000 Caccia da Indiveri da Veruggio na Italiya suka gano alƙaluman jirginsu ROMEO da na'urorin awon da ke jikinsa kawai. A 2001 Timothy Prestero ya fitar da cikakken jerin alƙaluman jirgin REMUS na cibiyar Woods Hole. Kundin digiri na biyu ne kurum, amma ɗalibai sun yi ta kwafar jerin, wani lokaci har ga jiragen da ba su yi kama da REMUS ba, kuma wannan ganganci ne. Yanzu ana haɗa waɗannan hanyoyi da kwaikwayon gudun ruwa a kwamfuta.

Amfanin duk wannan ya fi bayyana a zurfin teku, inda siginar GPS ba ta kaiwa. Jirgi kan dogara da na'urar da ke auna gudunsa ta hanyar sautin da ke dawowa daga ƙasan teku, in ta rasa ƙasan kuwa, lissafin motsinsa ne ke cike giɓin. A 2011 Hegrenæs da Hallingstad suka wallafa gwajin wannan hanya a kan jirgin HUGIN na Norwe.