Ejii, yarinyar da ta girma bayan duniya ta rushe

Wani mai karatu daga Kazaure ya tambaye ni ko akwai labarin bayan rushewar duniya da aka gina a yankinmu, ko kuwa sai Amurka kaɗai bama-bamai ke faɗa wa a littafi. Akwai, kuma filinsa Nijar ce, wadda mutumin Babura ke kai wa iyakarta ba tare da ya yi zango ba.

Littafin shi ne The Shadow Speaker na Nnedi Okorafor, wanda ya fito a 2007. Ya ɗauko mu a shekarar 2070, bayan yaƙin nukiliya da wasu bama-bamai da aka kira na zaman lafiya sun birkita halitta, har ana haihuwar yara masu baiwar da ba a saba gani ba. Ejii, 'yar shekara 14 a garin Kwamfa, tana jin maganar inuwa. Tana da shekara 9 Sarauniya Jaa ta fille wa mahaifinta kai da takobi a gaban idonta, domin ya mulki garin da zalunci, ya danne mata.

A nan darajar littafin take. Ejii ba ta tashi da ƙudurin ramuwa ba, ba ta kuma mayar da Jaa waliyyiya ba. Ta hau raƙumi ta bi sawunta ta Agadas, tare da Dikeogu, yaron da ya gudo daga bauta a gonar koko, ta koyi jarumta wajen matar da ta kashe ubanta, amma ta ƙi gadon saurin zare takobinta. Mai karatu zai iya ɗaukar Jaa a matsayin tauraruwar labarin, don ita ce mai kwarjini, ga maza biyu tana aure. Ni dai ina tare da yarinyar, wadda ta tafi don hana yaƙi.

An kuma yi rigima a kan bangon littafin. A 2017 Okorafor ta bayyana cewa hoton da kamfanin ɗab'i ya fara kawo mata na Baturiya ne tana tafiya cikin hamada, alhali Ejii baƙar fata ce 'yar Nijar. Ta ƙi amincewa, aka canza. Masu kare irin wannan aiki kan fake da kasuwa. Hujjar ba ta gamsar da ni ba, domin wanda aka yaudara da bango zai gane gaskiya tun a shafukan farko.

Daga baya littafin ya ɓace a kasuwa, sai a 2023 kamfanin DAW ya sake fitar da shi, tare da ci gabansa, Like Thunder.

Tun 1969 Umaru Dembo ya kai Kilba, tauraron labarinsa, sararin samaniya a littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya, saboda haka kunnen Bahaushe ya saba da irin wannan labari. Ina kira ga marubutanmu na Jigawa da Kano su nemi izini su fassara labarin Ejii zuwa Hausa.