Yadda Koren Rubutu Ya Zama Harshen Kwamfuta a Fim

Duk mai kallon finafinai ya san wannan hoto: baƙin allo, haruffa kore suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, wata 'yar alama tana ƙyaftawa a ƙarshen layi, sannan layukan suna hawa sama kamar ana jan su. Da ganin haka mai kallo ya fahimci cewa ana kutse cikin wata na'ura, ko wani sirri na gab da fallasa. A yau edita na iya haɗa wannan cikin 'yan mintoci a After Effects, ko ma a CapCut ta wayarsa. Sai dai babu kwamfutar da muke taɓawa yau da ke rubutu a haka don raɗin kanta. Abin da muke kira salon rubutun kwamfuta gado ne na gazawar na'urorin shekarun 1960 da 1970, wanda masu shirya fim suka tsinta, suka gyara shi don amfanin idon mai kallo, har ya zama al'ada.

Asalin fitowar haruffa ɗaya bayan ɗaya ba daga allo yake ba, daga takarda yake. Kafin allo ya yaɗu, mutum yana magana da babbar kwamfuta ne ta na'ura mai kama da tafireta, irin Teletype Model 33 da ta fito a 1963. Iyakar saurinta haruffa 10 ne a sakan guda, domin kan bugun na ƙarfe ne, sai ya motsa kafin ya buga. In layi ya cika, takardar da ke naɗe a gammo ta matsa sama, sabon layi ya fara a ƙasa. Hawan rubutu sama daga nan ya samo tushe. Da aka maye gurbin takarda da allo, injiniyoyi ba su sake tsarin ba, sai kawai suka sa allo ya riƙa kwaikwayon takardar. Na'urar VT100 ta kamfanin DEC, wadda ta fito a 1978, tana nuna layi 24, kowane layi da gurbin harafi 80, kuma adadin 80 ɗin ma gado ne daga katin huji na IBM na 1928. Shi ya sa kowane harafi yake cin fili daidai da ɗan'uwansa, siriri da mai faɗi duk ɗaya. Koren launi kuwa daga sinadarin da ake shafe cikin gilashin allo yake. Allon IBM 5151 na 1981 yana da irin sinadarin da haskensa ke jinkirin gushewa, an zaɓe shi ne don rage ƙyalƙyalin da ke gajiyar da ido, amma sakamakonsa shi ne rubutu yana barin inuwa a bayansa idan ya motsa.

A nan ne labarin ya ɗauki wata karkata mai ban sha'awa. Yawancin allunan kwamfuta da suka yi suna a tsofaffin finafinai ba kwamfuta ce ta zana su ba. A fim ɗin 2001: A Space Odyssey na Stanley Kubrick, na 1968, rubutu da zane-zanen da ke gilmawa a allunan jirgin sama jannati da hannu aka yi su, aka ɗauke su a fim, aka haska su ta bayan allunan. Shirin talabijin na BBC mai suna The Hitchhiker's Guide to the Galaxy, na 1981, ya ruɗi mutane da yawa da suka ɗauka aikin kwamfuta suke gani, alhali Rod Lord da abokan aikinsa ne suka zana shi hoto bayan hoto. A shekarar kuma, masu fim ɗin Escape from New York suka manna wa ƙananan gine-ginen kwaikwayo tef mai ƙyalli, suka ɗauka a cikin duhu, ya fito tamkar taswirar kwamfuta. Dalili biyu ne. A lokacin, kwamfutar da za ta iya wannan aiki tana da ɗan karen tsada. Sannan kyamarar fim tana ɗaukar hoto 24 a sakan, allo kuwa yana sabunta kansa sau 50 ko 60, don haka in ba a daidaita su da kayan aiki na musamman ba, sai baƙin layi ya riƙa birgima a hoton.

Da yake mai zane ne ke riƙe da linzami, ba na'ura ba, shi ke yanke saurin fitowar kowane harafi, kuma ya yanke shi daidai da saurin karatun ɗan Adam. Wannan, a ganina, shi ne ya sa salon ya rayu bayan na'urorin da suka haife shi sun mutu. Shafi da ya bayyana gaba ɗaya a lokaci guda ba ya gaya wa ido inda zai fara, kuma ba ya da jira a cikinsa. Rubutu mai fitowa harafi-harafi kuwa yana jan ido daga hagu zuwa dama, yana riƙe ƙarshen jimla har sai an matsu, kamar mai ba da tatsuniya da ya san inda zai ja numfashi. A fim ɗin Alien na 1979, amsoshin da kwamfutar jirgi ke ba matuƙa suna da nauyi ne saboda ana jiran su, ga kuma ƙarar da aka ɗora wa haruffan, wadda allo na gaske ba ya yi. WarGames na 1983 ya yi amfani da dabarar a hirar wani yaro da kwamfutar sojoji, har ya sa ta zama kamar mai rai.

The Matrix na 1999 ya kai abin ƙarshensa, ta hanyar raba shi da ma'ana kwata-kwata. Simon Whiteley, mai zane a kamfanin Animal Logic da ke Sydney, shi ya tsara koren rubutun nan mai zubowa daga sama. Ya haɗa haruffan katakana na Japananci da aka juya su, da lambobi, da wasu haruffan boko, kuma daga baya ya bayyana cewa daga littattafan girkin matarsa 'yar Japan ya kwaso haruffan. Tasirin fim ɗin zane na Japan, Ghost in the Shell na 1995, a bayyane yake a ciki. Babu abin karantawa a wannan rubutu, kuma yana gangarowa ƙasa ne maimakon hawa sama, amma ya riƙe kore da inuwar tsohon allo, waɗannan biyun kuma sun isa.

Ta ɓangaren kayan aiki, tafiyar ta fi sauƙin bi. Gidajen talabijin sun samu na'urorin ɗora rubutu irin na Chyron tun shekarun 1970, amma sai mai babban jari. After Effects ya fito a 1993 daga wani ƙaramin kamfani mai suna CoSA a Amurka, ya koma hannun Adobe a 1994, kuma a 2003 aka ba shi damar motsa haruffa ɗaya-ɗaya a cikin jimla. Dabarar a yau ba ta da wuya: a rubuta jimlar gaba ɗaya, a ɓoye ta, sannan a sa manhaja ta buɗe ta daga harafin farko zuwa na ƙarshe cikin lokacin da aka ga dama. Sauran duk ado ne, wato zaɓen haruffa masu faɗi ɗaya, ƙara ɗan haske a gefensu, da shimfiɗa siraran layuka a kan hoton. Edita na ɓata lokacinsa yana dawo da aibobin da injiniyoyi suka shafe shekaru suna kawarwa.

Akwai masu cewa wannan yaudara ce, tana koya wa jama'a ƙarya game da yadda kwamfuta ke aiki, kuma za su kawo misalin finafinan da suka nuna gaskiya suka ci nasara. A The Matrix Reloaded na 2003 an nuna manhajar Nmap ta gaske, kuma shirin Mr. Robot da ya fara a 2015 ya yi suna wajen nuna umarnin da masana ke iya tantancewa. Wannan gaskiya ne, haka kuma gaskiya ne cewa masu aiki da Linux har gobe suna ganin rubutu yana gudu sama a baƙin allo. Amma a wajen aikin gaske, ɗaruruwan layuka na wucewa kafin ƙyaftawar ido, ko kuma a zauna minti talatin ba abin da ya motsa. Ko waɗancan finafinan masu gaskiya sai da suka zaɓi layin da za a gani, suka tsayar da kyamara a kansa, suka yanke jiran. Sun gyara abin da aka rubuta, ba su taɓa yadda ake nuna shi ba, domin mai kallo yana da sakan uku ko huɗu ne kacal kafin a wuce zuwa fuskar jarumi.